Yaya Manaja, Wadda Ta Ga Bankuna Sun Haɗiye Juna

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina zaune a rumfata ina sallamar wata mata da ta zo tura wa ɗanta kuɗin makaranta, sai babban ɗanki ya kira ni. Bai ja magana ba. Cewa kawai ya yi, "Kawu, Mama ta cika." Na ajiye abin da ke hannuna. Matar ce ta lura da fuskata, ta tambaye ni ko lafiya. Da na gaya mata, sai ta dafa bango ta zauna a kan dakali, ta ce, "Hajiya Manaja? Ita ta buɗe mini asusu." Bayan sallar la'asar muka kai ki makwancinki.

Mutanen kasuwa Hajiya Manaja suke ce miki. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinki Yaya muke cewa, kuma da shi zan kira ki a nan, domin bakina bai saba da wani ba. Kusan shekara ashirin na yi ina jami'in rance a reshenki. Ni ba marubuci ba ne, amma na ga an binne ki, an watse, kuma babu wani wuri da za a rubuta abin da kika yi. Bankin da kika yi wa bauta ma ba ya nan, sunansa ya ɓace tun kina da rai.

Lokacin da aka ɗauke ni aiki, bankuna biyar ne a titin da ya bi ta bakin kasuwa. Namu ne ƙaraminsu. Falo ne guda da bencinan katako, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo, da kanta mai tagogi uku, sai ofishinki a can ƙurya kusa da ɗakin ajiya. Ranar farko na zo da kwat da takalmi mai ƙyalli, ina jin kaina. Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Ƙanena, gobe ka zo da takalmin da ba ka tausayinsa." Kashegari muka shiga kasuwa da ƙafa, tun daga layin masu yadi har layin maƙera, ana ta yi miki sannu da zuwa kamar 'yar gida ta dawo daga tafiya. A hanyar dawowa kika ce kafin in karanta takardar mutum, in fara karanta shagonsa. In duba ko yana share ƙofarsa, in saurari yadda yake yi wa ma'aikatansa magana, in ga ko maƙwabcinsa yana yarda ya bar masa jiran shago idan zai je salla. Kin ce wanda maƙwabcinsa ya amince da shi, banki ma zai iya.

A wancan zamanin manajan reshe yana da ikon sa hannu a kan rance shi kaɗai, kuma kin yi amfani da ikon nan da tsoron Allah. Ina tuna matar nan da mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da mataccen injin niƙa. Ba ta da takardar gida, ba ta da mai tsaya mata. Na rubuta a bayanina cewa ba ta cika sharaɗi ba. Kika ɗauki mayafi muka je, kika tarar ta wanke injin da ba ya aiki tas, ta lulluɓe shi da zani don kada tsatsa ta ci shi. Muna komawa ofis kika sa hannu. Ta gyara injin, ta biya kafin lokaci, yau 'yarta ta fari nas ce.

Ni kaina ba zan manta ranar da matata ta zo haihuwar ɗanmu na biyu ba. Jini ya ɓalle mata, asibiti suka ce a nemo mai bayarwa, irin jininta kuma ba ya samuwa da sauƙi. Na kira ofis ne don in nemi izinin rashin zuwa, ba don in roƙi kowa ba. Ban ankara ba sai ga ki a barandar asibiti da rabin ma'aikatan reshe. Aka gwada kowa, naki ne ya dace. Da kika fito riƙe da auduga a hannu, na fara godiya, kika katse ni: "Ka bar godiyar nan. Amma ka sani daga yau ina da hannun jari a gidanka." Har kika bar duniya matata ba ta kiran ki da komai sai Yayata ta jini.

A daidai ƙofarmu, tsallaken titi, akwai wani banki da ya fi namu girma. Manajansa Dogo ake ce masa, mutum ne siriri mai son raha. Ke da shi kullum kuna cikin tsiya. Idan kuka haɗu da safe sai ki ɗaga murya ki ce, "Dogo, yau ma kwastomominka biyu ne, kai da maigadi?" Shi kuma ya ce, "Hajiya, ki gyara fankarki tukuna, har nan take hana mu lissafi." Kuna ƙwace wa juna kwastomomi ba sassauci, amma wannan kishin rahama ne ga mutanen kasuwa. Wanda kika ƙi ba shi rance sai ya tsallaka wurin Dogo. Wanda Dogo ya tsawwala wa sai ya tsallako wurinmu. Kowane banki yana tsoron kada ya ɓata wa mai shago rai, domin ga wasu huɗu suna jiran sa. A lokacin ba mu san wannan wani abu ne da za a iya rasawa ba.

Sai babban bankin ƙasa ya fitar da umarni cewa kowane banki ya ninka jarinsa ninki da yawa, wanda ya kasa ya haɗe da wasu ko ya miƙa lasisinsa. Aka ce ƙananan bankuna ba su da ƙwari, gara a sami kaɗan masu ƙarfi. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba, akwai waɗanda dama a ruɓe suke. Amma namu ƙarami ne kawai, ba mara lafiya ba.

Labari ya bazu a kasuwa cewa bankinmu zai rushe, mutane suka fara layi suna kwashe ajiyarsu. A makon nan manyan hedikwata suka zo da motoci masu baƙin gilashi. Babban daraktan ya tara mu ya ce ba rushewa ba ce, haɗin ƙarfi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ce ba za a kori kowa ba, kuma banki ba zai taɓa barin titin nan ba. Sai ke kika ce, "Ranka ya daɗe, in je in faɗa wa mutanena haka da bakina?" Ya ce ki je ki faɗa. Kika fita falo, kika tattare zani, kika hau kan benci a gaban jama'a. Kika ce musu kuɗinsu na nan lafiya, bankinsu kuma yana nan ba ya zuwa ko'ina. Kika dafa ƙirji kika ce, "Ni na tsaya muku." Ina kallo layin nan ya watse. Wasu da suka riga suka karɓi kuɗinsu suka juyo suka mayar. Ba daraktan suka yarda da shi ba, ko ganin sa ba su yi ba.

Bankuna bakwai aka haɗa wuri guda, har da namu da na Dogo. An kira shi haɗaka, amma zaman kashin dankali ne, manya a sama, ƙanana a danne. Shekara ba ta zagayo ba aka ce banki ɗaya ba zai riƙe rassa biyu suna kallon juna ba. Aka rufe gininmu, aka kwashe mu zuwa na Dogo, aka sallami rabin ma'aikatan kowane ɓangare. Kujerar manaja ɗaya ce, aka ba ki, aka sallami Dogo. Kin ƙi shiga ofishin sai da kika je gidansa, kuma ni na raka ki. Muka same shi a zaure da jallabiya, da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Kika fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, kin daɗe kina harin kujerar nan. Ki dai yi hankali, ƙafarta ɗaya rawa take yi." Kuka yi dariya ku biyu. Daga baya na ji cewa ke kika riƙa biya wa 'yarsa kuɗin jami'a har ta gama, kuma kika roƙi matarsa kada ta bari maganar ta fita.

Sabon ginin yana da na'urar sanyaya ɗaki da kujerun ƙarfe masu ƙyalli, amma kin shiga ne a matsayin manaja mai suna kawai. An karɓe ikon sa hannu daga rassa an mayar hedikwata. Aikina ya koma shigar da bayanan mutum a kwamfuta, in jira amsa daga wani birni mai nisa, daga mutanen da ba su taɓa jin ƙamshin kasuwarmu ba. Kwamfuta ba ta san mai share ƙofar shago ba. Ajiya kuwa ana karɓa daga hannun kowa, har daga mai sayar da allura, a tattara a kai can a ranta wa manyan kamfanoni.

Abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne na wani mai kiwon kaji. Tun zamanin mahaifinsa suke hulɗa da mu, bai taɓa saɓa alkawari ba. Wata shekara abincin kaji ya yi tashin gwauron zabo, kajinsa kuma saura kaɗan su fara ƙwai. Ɗan abin da zai ciyar da su na 'yan makonni yake nema. Kwamfuta ta ce a'a. Kika kira hedikwata a gabana har sau uku, a ƙarshe wani ya ce miki, "Madam, tsari ne." Mutumin ya fita ya tsaya a bakin titi yana waige-waige. Sauran bankuna ukun ma an haɗe su, biyu sun rufe, ɗayan kuma amsar da ya ba shi irin tamu ce, kamar bakinmu ɗaya. Babu inda zai tsallaka. Ya karyar da kajin a wulaƙance, yanzu haya yake yi da babur.

Aka daina ɗaukar ma'aikata na dindindin, sai na wucin gadi, ba fansho, ba kuɗin asibiti. Yawancinsu 'yan mata ne da suka gama jami'a, aka ɗora wa kowace adadin ajiyar da za ta kawo a wata ko a sallame ta, aka nuna musu ofisoshin masu kuɗi. Kowa ya san abin da wasu masu kuɗin suke nema a madadin ajiyarsu. Kika kafa doka cewa babu yarinyar da za ta je wurin kowa ita kaɗai. Ke da kanki kike shiga mota ki raka su, ki zauna a gefe da jakarki a cinya har a gama magana. Wani attajiri ya taɓa ce miki bai gayyaci tsohuwa ba. Kika ce masa, "Ai shi ya sa na zo." Ya kwashe ajiyarsa, hedikwata suka rubuto miki gargaɗi, ba ki fasa ba.

Haka muka yi ta lallaɓawa har aka zo haɗaka ta biyu. Bankin da aka haɗa mu a cikinsa, wanda aka ce ya fi ƙarfin rushewa, ya ranta wa wasu kamfanoni ƙalilan dukiya mai yawa, suka ƙi biya. Masu shaguna da aka ce ba su cancanta ba su ne ba su taɓa ƙin biya ba, amma su aka fara yankewa. Wani banki da ya fi namu girma ya haɗiye mu, sababbin masu gida suka duba suka ce reshen bakin kasuwa ba ya kawo riba. A lokacin mu kaɗai muka rage a titin.

Ranar Juma'a aka rufe. An ce miki ba sai kin zo ba, masu kwashe kaya za su yi aikinsu, amma kika zo. Kika tsaya a bakin ƙofa tun safe, kina yi wa kowa bayanin inda asusunsa ya koma, reshen da sai an hau mota biyu kafin a kai. Wasu suka yi miki addu'a, wasu suka wuce ba su amsa gaisuwarki ba. Wata tsohuwa mai sayar da zare ta zo ta tsaya a gabanki, ta daɗe tana kallon ki, ta ce, "Hajiya, ba ke ce kika hau benci ba?" Na matso zan yi mata bayani cewa ba laifinki ba ne, kika riƙe hannuna. Kika ce mata, "Ni ce, Inna." Tsohuwar ta girgiza kai ta tafi. Ni a ganina tun ranar ciwonki ya fara, ko da yake likitoci sun ce daga baya ne.

Ba ki zauna ba duk da haka. Ke da Dogo da mu 'yan kaɗan muka haɗa kuɗin sallamarmu don mu kafa ƙaramin bankin unguwa. Muka kama hayar shago, muka yi fenti, Dogo da kansa ya hau tsani yana goge gilashi, kina ce masa ga amfanin tsawonsa ya zo. Wannan ne lokaci na ƙarshe da na ga kina dariya har da hawaye. Muna jiran lasisi aka sake ɗaga jarin da ake buƙata ga irin waɗannan bankuna, ya wuce abin da za mu iya ko da mun sayar da gidajenmu. Muka mayar wa mai shago mabuɗinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin abin da muka kashe ya tafi ke nan.

Daga nan hawan jini ya kama ki, bara kuma ɓarin jikinki ya shanye. Zuwana na ƙarshe na same ki a kan kujera kusa da taga, Malam maigidanki yana ba ki ruwa da cokali. Maganarki ba ta fita sosai, amma kika yi ta tambaya ta mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya, mai yadi, maƙeri, mai injin niƙa, wa ya rufe shago, wa ya rasu. Da muka zo kan mai kaji sai kika ce in na gan shi in ce ya yafe miki. Na ce, "Yaya, ai ba ke kika hana shi ba." Kika ce, "Na sani. Amma fuskata ya gani."

Na isar da saƙonki. Ya kashe babur ɗinsa ya zauna a kai yana kuka a bakin hanya. Ranar jana'izarki yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki, kuma bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Ina so in ce miki abubuwa sun gyaru a bayanki, amma ba ki koya mini ƙarya ba. Tsohon gininmu yanzu shagon caca ne, samari cike da shi tun safe. Na Dogo a kulle yake, ciyawa ta fito a matakalarsa. Ni kuwa ina zaune a ƙarƙashin rumfar kwano da 'yar na'urar tura kuɗi, wakili ne na bankin da ya sallame ni, ba albashi, sai ɗan abin da ake yaga mini a kan kowace hulɗa. Irina mun fi ashirin a titin. Muna karɓa, muna turawa, amma babu ɗayanmu da zai iya ranta wa kowa ko sisi. Har yau wasu tsofaffin kwastomomi suna zuwa su zauna a gefena su faɗi buƙatarsu, su ce ko zan yi musu magana a sama. Ban san kowa a sama ba. Masu ba da bashi da ruwa mai yanka wuya su suka gaji aikinmu. Yanzu kuma ana raɗe-raɗin wata haɗakar, kuma ban ji wanda ya firgita ba, domin babu sauran abin da za a ɗauke mana.

Kasuwa ta rufe layi biyu don jana'izarki. 'Yan matan da kika riƙa rakawa sun zo, wasu da goyo. Dogo ya zo da sanda, yana dogarawa, bai yi wa kowa raha ba. Daga bankin da ya haɗiye wanda kika ba wa ƙuruciyarki da lafiyarki babu wanda ya zo, kuma ba na jin da mugunta ne. Babu wanda ya san ki a can.

Sai dai mutum ɗaya, autarki. Ta gama karatu ta yi shekaru tana neman aiki, a ƙarshe bankin nan ne ya ɗauke ta a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi, kin kuma sa mata albarka don babu wani. Muna cikin zaman makoki, kwana biyu da binne ki, aka kira ta a waya aka ce irin matsayinta ba shi da hutun rasuwa, in ba ta zo ba za a ba wa wata tagarta. Na ga ta shiga ɗaki ta wanke fuska, ta fito da katin aiki rataye a wuya, ta durƙusa a gaban mahaifinta. Malam ya dube ta, ya ce, "Je ki, 'yata. Allah ya tsare." Ta ratsa ta cikin masu gaisuwa ta fita, idanunta a kumbure, kuma duk cikinmu babu wanda ya iya cewa ta zauna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam, wanda ya yi jinyarki bai taɓa ɗaga murya ba, da 'ya'yanki da jikokinki, da 'yan'uwanki, da Dogo, da dukan mutanen kasuwa da suka yi rashin mai jin kukansu. Allah ya ba su haƙurin jure wannan rashi.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. An ba ta amanar dukiyar mutane ba ta ci ba, an ba ta amanar 'ya'yan mutane ta tsare. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Alkawarin da aka sa ta ɗauka aka karya a bayanta, kai ka san wanda ya karya shi, kada ka tambaye ta. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Allah ya jiƙan ki, Yaya. Amin.